Cinikin Iska Ya Kunno Kai: Wa Zai Riƙe Tiyar Awo A Magarya Da Dungas?

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani, ko ya ratsa ta Dungas ya nufi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zai ga abin da ke ba baƙo mamaki, ɗan gari kuwa ko a jikinsa. Gonaki ne cike da itatuwan gawo, kore shar, a lokacin da komai ya bushe ƙurmus. To wannan gawo da muke wucewa ba mu ko ɗaga kai, yau shi ne masana ke ɗaukar hotonsa daga sararin samaniya suna lissafin abin da ya haɗiye, saboda an buɗe wata kasuwa a duniya wadda hajarta iska ce, gawo kuma yana daga cikin rumbunan da ake ajiye ta.

Na san wata uwa da ke zaune gaban tallan kuka ko daddawa za ta ce, yau kuma iska ake sayarwa? Ƙwarai kuwa, Hajiya, har ma an taɓa biyan kuɗinta a nan Nijar. Amma bari mu bi zancen daki-daki.

Iskar da ake magana ita ce iskar kabon. Ita ce ke fita daga hancinmu idan mun yi numfashi, ita ce ke tsalle a cikin lemon kwalba idan an buɗe shi, ita ce kuma ke tashi duk lokacin da aka ƙona fetur, gazuwal, gawayi ko itacen girki. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba guba ba ce idan tana daidai gwargwado. Matsalarta ita ce idan ta yi yawa a sama sai ta zama kamar murfin tukunya, zafin rana ya shigo ya kasa fita. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar duniya, kashi 280 ne nata. Yau ta haura 420. Kowace shekara duniya na ƙara zuba fiye da tan biliyan 37 daga mai da gas da kwal da siminti. Mutumin Amurka ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, ɗan Nijar kuwa abin da yake fitarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan guda ba. Wato wasu suka ci tuwon, aka bar mu da wankin kwano, domin mu ne damina ke yi wa wasa da hankali.

Rijiyar Turawa

Tun da aka gane haka, masu masana'antu suka shiga neman yadda za a kama wannan iska tun kafin ta tashi sama. Dabarar da suka fito da ita ita ce a tare hayaƙin a bakin bututun masana'anta, a wanke shi da wani sinadari wanda ke riƙe kabon ya saki sauran, sannan a matse iskar da manyan injuna har ta koma kamar ruwa, a tura ta ta bututu cikin rijiya mai zurfin fiye da mita 800. A can ƙasa akwai duwatsu masu ƙananan ramuka kamar soso, waɗanda ke shanye ta, a samansu kuma dole a sami wani dutse mai tauri wanda ba ya yoyo, shi ne murfi.

Ƙasar Norwe ce ta fara yin haka da gaske a 1996, a wani filin haƙar gas da ake kira Sleipner a cikin teku. Ba don tsoron Allah kamfanin ya yi ba. Gwamnatin ƙasar ce ta ɗora haraji kan wannan iska tun 1991, sai suka ga binne ta ya fi biyan harajin sauƙi. Ɗan kasuwa dai duk inda yake lissafi yake yi.

Kusa da mu ma an gwada. A In Salah, cikin hamadar Aljeriya maƙwabciyarmu, kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil sun fara binne iskar a 2004, cikin zurfin da ya kusa kilomita 2. Sun tura tan miliyan 3.8, sai aka dakatar da aikin a 2011. Abin da ya faru shi ne masu sa ido, ta hanyar tauraron ɗan Adam, sun lura ƙasar da ke saman rijiyoyin tana ɗagowa kaɗan-kaɗan, ƴan milimita a shekara, abin da ido ba zai taɓa gani ba, aka kuma shiga shakkar ko murfin dutsen ya fara tsagewa. A nan ne mai karatu zai gane irin mutanen da wannan aiki ke nema: masanin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, mai haƙar rijiya mai zurfi, mai waldar bututun da zai jure matsi, mai kula da injunan matsewa, da kuma wanda zai zauna shekara da shekaru yana awo don a tabbatar abin da aka binne bai tsere ba. Su ne dai ma'aikatan da harkar man fetur ke amfani da su, irin waɗanda matatar SORAZ ta fara buƙata tun da aka buɗe ta a arewacin Damagaram a 2011.

Sai dai hanyar tana da tsada ƙwarai. Duk wuraren da ke wannan aiki a duniya, idan aka haɗa su, abin da za su iya kamawa wajen tan miliyan 50 ne a shekara. A gwada shi da tan biliyan 37, ɗigo ne a cikin randa. A ganina wannan rijiya ba tamu ba ce a yanzu. Tamu tana nan tsaye a tsakiyar gona.

Rumbun da ke tsiro da kansa

Itace, kowane iri ne, da iskar kabon yake gina jikinsa. Ganyensa ke zuƙo ta da rana, ya haɗa ta da ruwa, ya mayar da ita gungume da rassa da saiwa. Idan aka busar da itace aka auna, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Kowane kilo ɗaya na kabon kuma daidai yake da kilo 3 da ɗan ɗoriya fiye da rabi na iskar da aka zuƙo. Ke nan gungumen da ya bushe ya yi kilo 100 ya ɓoye wajen kilo 180 na iskar. Muddin yana tsaye, tana ɗaure a jikinsa. Ranar da aka sare shi aka ƙona, ta koma inda ta fito.

Dattawanmu na tuna yadda ƙasar nan ta koma bayan farin 1973 da 1974, da kuma yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari. Gonaki suka zama fili fetal, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya shuka sau biyu sau uku kafin hatsi ya kama. Mata kuwa su suka fi kowa ji a jika, domin neman itacen girki ya koma tafiyar yini, wasu gidajen har da kara da kashin shanu ake dafa tuwo. Ba fari kaɗai ya jawo haka ba. Tun dokar Nasara ta 1935 har zuwa dokar daji ta 1974, itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro. Ka sassabe reshen gawo, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai yi renon ɗan da ba nasa ba, wanda kuma zai jawo masa tara? Sai manoma suka riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Ana kuwa ba da labari cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo, da hukunci mai tsanani a kan wanda ya karya dokar. Ke nan darajar itacen ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, mantawa aka yi.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan ƙananan kurmin da ke fitowa a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a yi ta dasa ƴan itatuwan leda da ke mutuwa, sai a zaɓi toho mafi ƙarfi, guda ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a kare shi daga dabbobi. Wannan shi ake kira sassaben zamani. A yankinmu kuwa, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka ƙanƙance, manoma da kansu suka koma barin gawo, mutum ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau shi ma ya kwaikwaya.

Me ya sa gawo? Domin shi itace ne mai kunya. Da damina, lokacin da hatsi ke neman rana, sai ya zubar da ganyensa, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴan da ake cika buhu da su ana kaiwa kasuwa don masu kiwon tumaki. Dabbobin su kwanta a gindinsa su bar taki. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya.

A 2006 wasu masana, cikinsu har da Mahamane Larwanou ɗan ƙasar nan da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka zagaya Magarya da Matamai da Mirya, a lokacin Dungas na cikin gundumar Magarya, domin sai a 2011 aka ba ta gundumarta. Suka kiyasta cewa wajen hekta miliyan 1 ta sake yin itatuwa a wannan yanki. Da aka haɗa da hotunan sama da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada, na da da na yanzu, aka ce a kudancin Nijar hekta miliyan 5 ne, itatuwa kimanin miliyan 200. Babu injin, babu bututu, babu furoje mai manyan motoci a mafi yawan garuruwan. Adda ce da lauje da ido.

Ina so a tsaya a nan a duba wannan ido. Sanin wane toho za a bari, wane za a cire, yadda za a yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye, tazarar da za a bari tsakanin gawo da gawo, wane itace ke zaman lafiya da gero, wane ke kashe shi, inda kalgo da sabara suka fi amfani, duk wannan ilimi ne, ko da babu takardar shaida a kansa. Matan Mirya da ke da itatuwan kuka nasu na kansu sun san lokacin tsinkar ganye da yadda za a tsinka ba a kashe uwar ba. Idan ana lissafin gwanayen kama kabon a duniya, waɗannan suna ciki, an faɗa ko ba a faɗa ba.

Kuɗin da aka taɓa biya

Kasuwar kanta ta samo asali daga yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, aka sabunta tsarinta a yarjejeniyar Faris ta 2015. Yadda take shi ne, kamfanin da ke fitar da hayaƙi a Turai ko wani wuri ya biya wanda ya rage ko ya ɓoye iskar a wata ƙasa, a ba shi takarda. Tan ɗaya, takarda ɗaya.

Nijar ta ɗanɗana. Akwai wani shiri da aka yi da Bankin Duniya na dasa dakwara, itacen ƙaro, a kan ƙasar da ta mutu. A farkon 2020 aka biya garuruwa 26 kuɗin iskar da dakwarar ta zuƙa a kan hekta kimanin 7,200. Kuɗin dalar Amurka 450,000 ne, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba, wato wajen miliyan 270 na sefa a canjin lokacin. Idan aka ji shi a dunƙule sai a ce an yi arziki. Amma ƴan kasuwa, ku ɗauko alƙalami. A raba shi kan hekta 7,200, kowace hekta ta tashi da abin da bai kai jika 40 ba, bayan jiran fiye da shekara goma. Ribar gaske tana cikin ƙaron da ake tsinka, da ciyawar da ta dawo, da noman da aka yi tsakanin layukan itatuwan. Kuɗin iska gyara ne, irin wanda mai awo ke ɗora maka a kan tiya bayan an gama ciniki. Duk wanda ya zo ya ce maka shi ne uwar kuɗin, ka riƙe aljihunka.

A Humbo ta ƙasar Habasha ma an yi irin wannan da sassaben zamani, a kan hekta wajen 2,700, aka ba su takardunsu a 2012. Ke nan dabarar da ta fito daga Maraɗi ta je ta yi kuɗi a wata ƙasa kafin ta yi a gida.

Me ya kawo jinkiri, me ya sa kuɗin ke ƙanƙancewa kafin su iso ƙauye? Awo. Mai saye ba ya biya sai an nuna masa, da lissafi, tan nawa ke cikin gona. Dole a shata iyakar kowace gona da na'urar da ke magana da tauraron ɗan Adam, a zaɓi wasu filaye a ƙirga itatuwansu ɗaya bayan ɗaya, a auna kaurin kowane a daidai ƙirji, mita 1 da santimita 30 daga ƙasa, a auna tsawo da faɗin inuwa, a rubuta irinsa, domin nauyin gawo daban, na kuka daban. Sannan a zuba cikin kwamfuta ta fitar da nauyi. A ɗebi ƙasa a kai ɗakin bincike. Bayan ƴan shekaru a sake komawa a auna. Daga nan wani mai binciken ya taso daga waje, a biya masa jirgi da otal, ya duba ko an yi gaskiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da la'adarsa, kuma daga cikin kuɗin manomi ake cire ta.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan karatu. Wadda ta kai gyaɗa ko ridi ko wake kasuwa ta san cewa idan tiyar mai saye ce, hannun mai saye ne ke awo, bakinsa ne ke ƙirga, to ta dawo gida da abin da aka ga dama. Haka kasuwar iska take, har ta fi muni, domin ita hajar ma ba a ganin ta. A 2023 hukumar NASA ta Amurka da jami'ar Kofanhagan suka fitar da ƙidayar itatuwa kusan biliyan 10 a busassun ƙasashen da ke kudu da Sahara, kowane da kiyasin kabon da ke jikinsa. Wato gawon gonarka yana cikin kwamfutar wani wanda bai taɓa taka Bande ko Dogo-Dogo ba. Ya san nauyinsa, kai ba ka sani ba.

Ga kuma wani sharaɗi mai ciwo. A ƙa'idar wannan kasuwa, ba a biyan abin da ya riga ya faru. Sai abin da aka ƙara saboda kuɗin. Ke nan gawon da aka rena tun shekarun 1980, wanda ya zuƙe wa duniya iska kyauta, ba ya cikin lissafi. Wanda ya yi sakaci ya bar gonarsa fili shi ke da damar shiga, wanda ya yi ƙoƙari tun farko an ce ya makara da wuri. Wannan ni dai ban ga adalci a cikinsa ba, kuma magana ce da ya kamata wakilan ƙasar nan su riƙa tayarwa a tarukan sauyin yanayi.

Masu sayar da itacen girki da masu tuyar ƙosai da waina da masu dafa abincin sayarwa, ku ma zancen ya shafe ku kai tsaye. Yarjejeniyar irin wannan takan ɗaure gona shekara 20 ko 30, a ce itacen ya tsaya. Idan ba a rubuta a fili cewa sassabe da datse rassa halal ne ba, wata rana za a wayi gari maigida ya sa hannu ya karɓi ƴan kuɗi, uwargida kuma an hana ta itacen da take dafa abinci ko take sayarwa. Haka makiyayi da ke saro wa dabbobinsa ganyen gawo da rani, da wanda ya karɓi gona aro ko jingina. A Dan Saga ta gundumar Agye an daɗe da kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, abin ya kuma zauna. Doka ma yanzu ta sassauta: akwai dokar daji ta 2004, akwai kuma ƙudurin gwamnati na 30 ga Yulin 2020 wanda ya amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa shi ke da hakkin cin moriyarsa. Amma hakkin da babu takarda a kansa yana da wuyar karewa, don haka a je wajen hukumar filaye ta gari ko ta komin, wadda ake kira Kofo, a yi wa gona takarda tun kafin masu jaka su iso.

Awon nan kuwa ba tsafi ba ne. Igiyar awo irin ta tela, sandar gwada tsawo, wayar salula mai nuna wuri, littafi da biro, sai wanda ya iya lissafi ya kuma riƙe amana. Yaro ko yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na kwaleji za ta iya koyon aikin fili cikin ɗan lokaci. Ga su nan birjik a Magarya da Dungas da Waca da Sassumburum, wasu da bak ɗinsu a hannu suna kabu-kabu, wasu sun tsallaka Kano ko sun nufi Libiya. Manyan matakan, wato lissafin kwamfuta da karanta hoton sama da rubuta yarjejeniya, su ne aikin jami'ar André Salifou ta Damagaram, da makarantar raya karkara ta Kollo wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan gandun daji, da cibiyar binciken noma ta INRAN. Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma kowace hekta daga ciki sai an auna ta kafin wani ya yarda an yi. Ƙungiyoyin mata masu asusu da ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna iya ɗaukar nauyin karatun yaro ɗaya ko biyu daga kowace komin, yadda duk ranar da wani ya zo da takarda da Faransanci yana neman a dangwala, akwai ɗan gari da zai karanta ta, ya ɗauki igiyarsa ya bi shi gona, su auna tare.